Gasar da Ba Ta Gama Yarinta Ba: Firimiyar Najeriya daga Onikan zuwa Jega

A ranar 12 ga Mayu, 1990, aka buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru a Najeriya, a filin wasa na Onikan da ke Legas, da ƙungiyoyi 16. Bayan wata goma sha biyar, ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanko Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Ke nan gasar da jihar tsarar juna ne. Yaron da aka raɗa wa suna a Jega ko Aliero ko Maiyama a wancan lokaci, yau magidanci ne mai iyali, ya ga gwamnoni sun zo sun wuce, ya ga an kafa jami'a a Aliero, ya ga shinkafar Kebbi ta yi suna har Legas. Abu ɗaya ne bai taɓa gani ba: ƙungiya daga jiharsa tana buga wasa a babban rukunin gasar ƙasarsa.

Duk da wannan tsawon rai, idan ana maganar gasar da a yau ake kira NPFL, sau da yawa akan yi ta kamar ana maganar jinjiri. Akan ce sabon tsari ne, a yi masa haƙuri, bai daɗe da somawa ba. A wani ɓangaren gaskiya ne, domin hukumar da ke tafiyar da ita yanzu a 2023 ta kama aiki. Amma tambayar ko gasar tana samun nasara, da ko tana girma da saurin da ya kamata, ba za ta amsu ba sai an koma an duba abin da aka yi alkawari tun farko, da abin da ya samu alkawarin, sannan a auna shi daga garuruwan da ya kamata a ce girman ya iso gare su.

Kafin a ce ƙwararru

Tamaula ta riga gasar lig daɗewa a ƙasar nan. A 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna a Legas, wadda daga baya ta zama Kofin Ƙalubale, kuma a 1953 tawagar Kano ta ɗauke kofin ta kawo shi Arewa. Gasar lig ta ƙasa baki ɗaya sai a 1972 aka fara ta, bayan yaƙin basasa, kuma Mighty Jets ta Jos ce ta fara lashe ta. A 1978 Raccah Rovers ta Kano ta zama zakara.

A wancan zamani, a hukumance babu ɗan wasan da sana'arsa ƙwallo ce. Yawancin ƙungiyoyi na kamfanoni ne, da bankuna, da ma'aikatun gwamnati, da wasu attajirai masu sha'awa. Akan ɗauki ɗan wasa a sa sunansa a jerin ma'aikata, ya karɓi albashi a matsayin akawu ko direba, alhali aikinsa na gaskiya a fili yake. Tsarin ya yi aiki muddin tattalin arziki yana da lafiya. Da kuɗin man fetur ya ja baya, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, sai kamfanoni suka fara duba inda za su rage kashe kuɗi. Kafin ƙarshen shekarun 1980 manyan ƙungiyoyi biyu, Leventis United ta Ibadan da Abiola Babes ta Abeokuta, sun rushe. 'Yan wasa kuwa suka kama hanya: Stephen Keshi ya tafi Kwaddibuwa, daga can ya wuce Beljiyam, Rashidi Yekini haifaffen Kaduna shi ma ya bi ta Abidjan ya sauka a Fotugal.

Cikin wannan hali aka yanke shawarar mayar da ƙwallo sana'a a fili, domin a tsayar da wannan zubewa.

Alkawarin 1990

Dokokin soja da suka kafa gasar ƙwararru sun gindaya sharuɗɗa masu ma'ana. Kowace ƙungiya ta zama kamfani mai rajista, da hukumar daraktoci, da taron shekara-shekara, da littafin kuɗi wanda masu bincike na waje suka tantance. Kowace ta renon ƙungiyar matasa. Kowace ta mallaki filin wasanta cikin shekara biyar. An kuma ɗage musu haraji na tsawon wannan lokaci don su samu su tsaya da ƙafafunsu. Manufar a bayyane take: ƙungiya ta zama kasuwanci mai ciyar da kansa daga kuɗin ƙofa, da talla, da cinikin 'yan wasa.

Shekarun farko sun yi kama da alkawarin zai cika. Iwuanyanwu Nationale ta Owerri, mallakar attajiri Emmanuel Iwuanyanwu, ita ta ci gasar 1990 da ta 1993. Julius Berger ta ci 1991, Stationery Stores ta ci 1992, BCC Lions ta kamfanin siminti a Gboko ta ci 1994, Udoji United ta ci 1996, Eagle Cement ta Fatakwal ta ci 1997. Cikin kofuna takwas na farko, bakwai ƙungiyoyin kamfanoni ne ko na ɗaiɗaikun mutane suka ɗauka. Shooting Stars ta Ibadan ce kaɗai ta gwamnatin jiha a cikinsu, a 1995.

Sai a duba ɗaya gefen. Daga 2007 zuwa 2024, duk ƙungiyar da ta lashe gasar ta gwamnatin jiha ce: Enyimba ta Abia, Kano Pillars, Bayelsa United, Dolphins da Rivers United na Jihar Ribas, Rangers ta Inugu, Plateau United, Lobi Stars ta Binuwai, da Akwa United. Su kuwa zakarun farko, rikicin gado ya durƙusar da Stationery Stores, Udoji United ta ɓace, Julius Berger ta janye hannunta, Iwuanyanwu Nationale kuma ta koma hannun gwamnatin Imo a 2006 aka sa mata suna Heartland. Gasar da aka kafa don ta raba ƙwallo da aljihun hukuma, sai ga shi ta ƙare a cikin aljihun gwamnoni.

Wannan sauyi shi ne ginshiƙin tarihin gasar, domin yadda ƙungiya ke samun abincinta shi ke tsara halinta. Ƙungiyar gwamnati kasafin kuɗi take jira. Gwamna ke naɗa shugabanninta, kuma yakan sauya su idan zaɓe ya zo ko ransa ya ɓaci. Ko fili ya cika ko bai cika ba, kuɗin da za a sake mata ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, saboda haka ba ta da wani dalili mai ƙarfi na neman ɗan kallo, ko gyara masa wurin zama, ko sayar masa da riga. Abin da ake nema daga gare ta shi ne kada ta ba mai gida kunya a gida. Daga nan aka samu al'adar da ta fi komai ɓata wa gasar suna: mai masauki ya ci ko ta halin ƙaƙa. An yi zamanin da ƙungiyar da ke karɓar baƙunci ita ke ɗaukar nauyin masaukin alƙalan wasa da alawus ɗinsu, kuma kowa ya san bakin da ya ci shi ke godiya. A gefe guda, idan jiha ta shiga matsin kuɗi, 'yan wasa na daga cikin waɗanda ake fara mantawa da su, har su yi watanni ba albashi.

Ba za a ce kuɗin gwamna bai taɓa haifar da abin alfahari ba. A zamanin Gwamna Orji Uzor Kalu, Enyimba ta lashe Kofin Zakarun Afirka a 2003, ta kuma kare shi a 2004. A 2009 Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin, bayan kunnen doki a Najeriya da kuma a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta tsayar da ita. Heartland ta sha kashi a hannun TP Mazembe a wasan ƙarshe. Tun daga wannan shekara babu ƙungiyar Najeriya da ta sake kai wasan ƙarshe na wannan kofi. Nasarar da ta rataya a kan sha'awar mutum ɗaya takan tafi tare da shi idan wa'adinsa ya cika.

Gasar da ake ta sake wa suna

Dalilin da ya sa gasar ba ta rabuwa da sunan yarinta shi ne, duk bayan 'yan shekaru sai a rushe ginin a sake aza harsashi. A farkon shekarun 2000 aka raɗa mata sunan Firimiya, aka ba ta hukuma mai cin gashin kanta, wadda rigingimun shugabanci da shari'o'in masu ɗaukar nauyi suka cinye. A ƙarshen 2012 aka fara sabon shiri da ya haifar da kamfanin LMC, wanda Nduka Irabor ya fara jagoranta, daga baya Shehu Dikko ya gaje shi.

Zamanin LMC ya zo da gyare-gyare na gaske. An ɗauke biyan alƙalan wasa daga hannun ƙungiyoyi, an tsayar da mafi ƙarancin albashi na naira 150,000, an ƙulla yarjejeniyar nuna wasanni da tashar SuperSport wadda ta kai dala miliyan 34. Mutane suka fara ganin wasannin gida a talabijin da hoto mai kyau. A wannan tsakanin ne Kano Pillars ta ci gasar sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, ƙari a kan wadda ta ci a 2008, filin Sani Abacha yana cika maƙil da masu kirarin Sai Masu Gida. A watan Agustan 2015 Nasarawa United ta doke ta a Kano, ta kawo ƙarshen shekara goma sha biyu da Pillars ta yi ba a ci ta a gida ba. Magoya baya sun ji zafi, amma masu lura sun ɗauki abin a matsayin alamar lafiya: gasar da baƙo zai iya cin wasa a Kano ya fita lami lafiya, gasa ce da za a iya yarda da sakamakonta.

Lafiyar ba ta ɗore ba. SuperSport ta daina nuna wasannin a 2017, lokacin da darajar naira ta faɗi. An katse kakar 2018 saboda rikicin shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, aka miƙa wa Lobi Stars matsayin farko ba tare da an kammala wasanni ba. Annobar korona ta tsayar da kakar 2020. A 2022 Kano Pillars da Katsina United duka suka faɗa rukunin 'yan dagaji, bayan kakar da aka kwashe wa Pillars maki saboda tarzomar 'yan kallo. A watan Satumban shekarar ma'aikatar wasanni ta ce ba ta amince da LMC ba. Ibrahim Musa Gusau ya zama shugaban hukumar NFF a ƙarshen watan, aka kafa kwamitin riƙo ƙarƙashin Gbenga Elegbeleye, aka buga gajeriyar kaka a 2023, sannan aka mayar da kwamitin hukuma mai cikakken iko, aka ƙulla sabuwar yarjejeniyar talabijin da StarTimes.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye yakan mayar da ƙidayar shekaru sifili. Sabbin shugabanni sukan nemi a auna su da abin da suka tarar, wanda hakan adalci ne gare su. Sai dai ɗan kallo ba daga ranar naɗin kowa yake ƙidaya ba.

Tsararrakinta a duniya

Hanya mafi sauƙi ta gane ko yaro yana girma ita ce a tsayar da shi kusa da sa'o'insa. Gasar Firimiyar Ingila, wadda ta mamaye gidajen kallo daga Jega har Kamba, a 1992 aka kafa ta, ƙanwar gasar ƙwararrun Najeriya ce da shekara biyu, ko da yake ta gaji ƙungiyoyi masu shekara ɗari. Misalan da suka fi dacewa su ne na ƙasashen da suka fara daga ƙasa.

Japan ta buɗe gasar ƙwararrunta a 1993 da ƙungiyoyi 10. Kamar Najeriya, ta gaji ƙungiyoyin kamfanoni. Abin da ta yi daban shi ne ta tilasta wa kowace ƙungiya ta ɗauki gari guda a matsayin mahaifarta, ta sa sunan garin, ta yi hidima ga makarantunsa da matasansa. Yau tana da ƙungiyoyi 60 a rukuni uku, sun bazu kusan ko'ina a ƙasar. Amurka ta fara tata a 1996, ita ma da ƙungiyoyi 10. Ta yi asarar kuɗi mai yawa, har ta rufe ƙungiyoyi biyu na Jihar Florida a farkon 2002, mutane suka yi ta cewa ta mutu. Masu ita suka dage kan gina filaye na kansu, kuma zuwa 2025 ta kai ƙungiyoyi 30. Afirka ta Kudu ta kafa gasarta ta PSL a 1996, a 2007 ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta na shekara biyar a kan rand biliyan 1.6.

Misalin da ya fi kusa shi ne Tanzaniya, ƙasar da yawan jama'arta bai kai sulusin na Najeriya ba. Tashar Azam ta cikin gida ta ƙulla yarjejeniyar shekara goma da gasar ƙasar a 2021, hamayyar Simba da Young Africans kuma tana cika babban filin Dar es Salaam. A 2023 Young Africans ta fitar da Rivers United, zakarar Najeriya ta lokacin, daga Kofin Confederation, ta kai wasan ƙarshe. Simba ma ta kai a 2025. A watan Agustan wannan shekarar, a gasar CHAN ta 'yan wasan da ke buga ƙwallo a gida, Sudan da ke cikin yaƙi ta zura wa Najeriya huɗu da nema.

Abin da ya haɗa waɗannan gasanni ba yawan dukiya ba ne, don Tanzaniya ba ta fi Najeriya arziki ba. Kowace ta samu hukuma da ta daɗe ba a rushe ta ba, kowace kuma ta sa rayuwar ƙungiya ta dogara da mutanen garinta.

Ma'aunin Jega, Aliero da Maiyama

A nan ne waɗannan garuruwa uku na masarautar Gwandu suka zama ma'auni mai kyau. Ba ƙauyukan da ba su da abin hannu ba ne. Jega tsohuwar cibiyar ciniki ce tun ƙarni na sha tara, a mahaɗar hanyar da ta taso daga Sakkwato zuwa Yawuri da Kwantagora da wadda ta nufi Birnin Kebbi, kuma kasuwarta na tara fatake daga nesa. Aliero ta yi suna da albasa, wadda manyan motoci ke kwasa zuwa kudancin ƙasar da ƙetare, da kuma masu ɗorin ƙashi, ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2006 mai tara dubban matasa. Maiyama, kudu da Jega a kan babbar hanya, ƙasar noma ce. Akwai matasa, akwai kuɗin da ke juyawa, akwai kuma son ƙwallo.

Shaidar wannan so tana gidajen kallo. Tun daga lokacin da tauraron ɗan'adam ya kawo wasannin Turai, Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, Mikel Obi ya koma Chelsea a 2006, kusan kowace unguwa ta samu rumfar kwano mai janareta da benci da allo, inda ake rubuta wasannin ranar da alli. Matashi yakan biya kuɗin shiga daga abin da ya samu a acaba ko a gonar albasa, ya zauna awa biyu cikin zafi, ya fito yana gardama a kan Real Madrid da Barcelona. Wannan kasuwa ce cikakkiya: akwai mai saye, akwai mai sayarwa, ana biya nan take, kowane mako. Ribarta kuwa takan bi ta hannun mai gidan kallo da mai sayar da fetur, ta wuce kamfanin tauraron ɗan'adam, wani kaso ya ƙare a asusun ƙungiyoyin Turai. Gasar gida ba ta samun komai daga ciki.

Ba za a ɗora wa matashin laifi ba. Idan yana son ganin wasan NPFL da idonsa, sai ya yi tafiyar yini zuwa Katsina ko Kano ko Minna, a kan hanyoyin da rashin tsaro ya sa ake tunani kafin a hau. Ba shi da ƙungiyar da zai ce tasa ce. Zamfara United ta taɓa zama a babban rukuni na wasu shekaru kafin ta faɗi, Kebbi kuwa ko sau ɗaya. Yaron da ya iya ƙwallo a wannan yanki, hanyarsa ita ce ta Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato, wanda sai da ya bar gida ya yi suna a Kano Pillars kafin ya kai ga lambar tagulla a Olamfik ta 2016 da Kofin Duniya na 2018. Ga kowane Shehu ɗaya, akwai da yawa da ba wanda ya taɓa zuwa ya gan su.

Akwai kuma hujjar da ke nuna cewa mutanen yankin suna biyan kuɗi don wasan gida idan wasan nasu ne. Dambe da kokawa sun rayu a ƙasar Sakkwato da Kabi da Zamfara tun kafin a san wani abu wai shi kasafin kuɗi. Idan kaka ta yi, aljihu ya yi nauyi, akan kafa fage, a karɓi kuɗin ƙofa, a sallami 'yan wasa da makaɗa, masu hali su yi kari. Ɗan dambe irin Shago ya yi sunan da ya yi ne saboda jama'a sun gan shi da idonsu, makaɗi irin Ɗan Anace ya wasa shi, kowane ɓangare kuma ya san nasa gwanin. Babu wanda zai ba da sisinsa a fagen da ya san an riga an shirya wanda zai faɗi. Sharuɗɗan da suka raya dambe uku ne: kusanci, da gwani na gida, da gaskiyar sakamako. Su ne kuma gasar ƙwallo ta kasa kawowa wannan yanki cikin shekara talatin da biyar.

A 2024 an ɗan ɗanɗana abin da zai iya faruwa. Kebbi United, wadda ba ta cikin babban rukuni, ta ratsa zagaye bayan zagaye a Kofin Ƙalubale, wanda yanzu ake kira Kofin Shugaban Ƙasa, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta fitar da ita, ta je ta ɗauki kofin a filin Onikan, wurin da aka buɗe gasar ƙwararru a 1990. Wannan tafiya ta nuna akwai 'yan wasa. Haka nan akwai wuraren wasa a Birnin Kebbi, ƙasa da tafiyar awa guda daga Jega: filin Haliru Abdu, da ƙaramin filin da aka gina da tallafin FIFA. Abin da babu shi ne tsani mai ƙwari, wanda yaro zai taka daga filin makarantar firamare a Maiyama, zuwa gasar ƙaramar hukuma, zuwa ta jiha, har babban rukuni, ba tare da wata ƙafar tsanin ta karye don an sauya gwamnati ba.

To, tana girma?

Adalci ya wajabta a faɗi abin da ya gyaru tun 2023. Ana fara kaka a kuma gama ta a kan lokacin da ya dace da jadawalin Afirka. Baƙi suna cin wasa a waje fiye da yadda aka saba. Ana iya kallon wasanni a talabijin da waya. Ahmed Musa, wanda ya kafa tarihin ƙwallo 18 a kaka guda yana matashi a Pillars, ya dawo gida a 2024 tare da Shehu Abdullahi, suka jawo idon jama'a. Mafi muhimmanci, a 2025 Remo Stars ta garin Ikenne a Jihar Ogun, mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname, ta lashe gasar. Ita ce ƙungiya mai zaman kanta ta farko da ta yi haka tun Ocean Boys a 2006, kuma tana da filinta da makarantar renon matasanta, wato ta cika sharuɗɗan 1990 bayan shekara talatin da biyar. Ikenne ba babban birni ba ne, kuma wannan darasi ne ga duk garin da ke ganin ya yi ƙanƙanta.

Abin da bai gyaru ba shi ma a fili yake. Kyautar zakara ta tashi daga naira miliyan 100 a 2023 zuwa miliyan 200 a 2025, amma faɗuwar naira a tsakanin ta cinye ƙarin, har ya zama idan an auna da dala babu ci gaba. Shi ya sa ɗan wasan da ya haska kaka ɗaya yake karɓar tayin Tanzaniya ko Libiya ko Iraƙi ba tare da waiwaye ba. Galibin ƙungiyoyi 20 na gasar har yau na gwamnatoci ne. Tarzomar 'yan kallo ba ta ƙare ba. Taswirar gasar kuma har yanzu tana da babban giɓi a kusurwar arewa maso yamma.

Saboda haka amsar ita ce, gasar ta farfaɗo daga jinya, kuma wannan abin yabo ne, amma farfaɗowa daban, girma daban. Wanda ya kai shekara talatin da biyar ba a yaba masa don ya iya tsayuwa. Sharuɗɗan da aka rubuta a 1990, wato kamfani mai littafin kuɗi a buɗe, da ƙungiyar matasa, da filin kai, su ne har gobe ma'aunin da ya dace, kuma ƙungiyoyin da suka cika su ba su kai yatsun hannu ɗaya ba.

Ga Jihar Kebbi, tarihin nan yana ɗauke da gargaɗi. Hanya mafi sauri ta shiga babban rukuni ita ce gwamna ya zuba kuɗi shekara biyu ko uku, ya sayo 'yan wasa daga nesa. Jihohi da dama sun bi ta, kuma an ga inda take ƙarewa. Hanya mai ɗorewa ta fi jinkiri, tana kuma farawa daga ƙasa: gasa tsakanin ƙananan hukumomi 21 wadda ake bugawa kowace shekara bayan kaka, lokacin da jama'a ke da kuɗi da sarari, da katanga da ƙofa a filayen Jega da Aliero da Maiyama don a iya karɓar kuɗin shiga, da alƙalan da ba mai masauki ke biyan su ba, da 'yan kasuwar albasa da shinkafa da za su ga amfanin sa sunansu a rigar ƙungiyar garinsu. Ranar da mai gidan kallo a Jega ya rubuta wasan Kebbi United a saman allonsa, sama da na Arsenal, don ya san shi ne zai cika masa benci, ranar ce za a iya cewa gasar 1990 ta girma.